Sadiya da Giɓin Haƙorina

Daren Laraba, Kabo

Bana kowace yarinya a unguwarmu likitanci ta nema a jami'a, har waɗanda jinin kaza ke sa su jiri. Sai ga 'yata Sadiya, wadda ta fi su maki, ta je Gwarzo ta canza nata zuwa likitancin haƙori, babu shawara. Na yi faɗa har muryata ta dishe.

Da na gama ta ce, "Umma, tunda na yi wayo ban taɓa ganin kin yi dariya ba ki rufe baki da mayafi ba."

Giɓin da na ɗauka babu mai lura da shi!

Ja'ira. Na bar mata zaɓinta. Gobe zan faɗa mata, bakina a buɗe.