Firintar Baba Ta Toshe

Yaya, na fita kana barci.

Mai gyara ya duba firintar Baba ta buga hoto a kofi da riga, ya ce ta gama aiki. Tun rasuwarsa ba wanda ya kunna ta, tawada ta bushe a ciki. Ashe shi ya sa kullum sai ya buga ko takarda ɗaya, muna ta yi masa tsiya wai yana ɓarnar tawada.

Na tafi neman wata mai arhar tawada, wadda ba ta yawan toshewa.

Takardar da ke bakin firintar hoton Umma ne, bai kai ga manna shi a kofi ba. Ɓoye ta kafin Umma ta tashi. Ni zan ƙarasa masa.