Hawayen Aro

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma ƙalau nake, in ban da hanci da idanu.

Tun da sanyi ya janye, itatuwan unguwarmu suka fara fure, nake fama. Atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido jajir, hawaye shar-shar. A ofishin makarantar da nake aiki har ɗalibai sun laƙaba mini Malama Atishawa. Likita ya gwada ni, ya ce ƙurar fure ce jikina ba ya so, musamman ta itacen nan mai farin fure na gidan maƙwabtana, wanda ya leƙo ta kan katangata. Kullum da safe rediyo na faɗin yawan ƙurar a iska. In suka ce ta yi yawa, to ranar na shiga uku.

To ga abin kunyar da ya sa na ɗauki alƙalami. Maƙwabcin nan nawa mai itacen, tsohon direban bas, ya rasu. Allah Ya jiƙansa, amma kin san ba ma ga maciji. Tun da ya tsare ni kan inda nake ajiye mota, gaisuwa ma sai ta dole. Na shiga ta'aziyya don fita kunya kawai. Sai aka ajiye mini kujera a gindin itacen nan, Yaya! Ban gama zama ba idona ya ɓalle. 'Ya'yansa da suka zo daga nesa suna ta latsa waya, idonsu ƙamas, ni bare ina jiƙa mayafi. Matarsa, Gwaggo muke ce mata, ta kama hannuna ta ce ashe akwai wanda ya san darajar mijinta. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, atishawa ta riga ni.

Don Allah kada ki yi mini dariya. A shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, na ga amsarki. Kin ce in je in faɗa mata kawai. Faɗa da baki ai ba wuya, ke da kike nesa!

'Ya'yanta sun koma, gidan ya yi tsit. Yanzu ina dawowa daga aiki zan tarar ta fito da kujeru biyu da butar shayi gindin itacen, tana jirana. Shi ya dasa shi shekarar da suka tare a gidan. Ta ce in iska ta kaɗa shi ji take kamar yana gyaran murya. Tana ba ni labarinsa ina sharar ido, ita kuma sai ta dafa gwiwata ta ce in yi haƙuri. Ki ji fa, mai takaba ke ba ni haƙuri!

A bakinta na ji cewa furannin da ke zuba a ƙofar gidana, shi yake share su kafin in fito. Ni kuwa na ɗauka masu sharar titi ne, har ina yabon su a gabansa. Da na ji haka, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba a nan ta tsaya ba. Likita ya canza mini ƙwaya, ta kuwa karɓe ni, ido ya bushe tas. Ranar na zauna garau. Gwaggo ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ba komai, haka duniya take, kowa mantawa yake yi. Tun daga ranar na daina shan ƙwayar. Da gangan nake zuwa in zauna ƙura ta yi mini kukan da zan ba tsohuwa. Da can kuskure ne, yanzu kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma na sani. Tsoro nake ji in ta gane ta rufe mini ƙofa, ta zauna ita kaɗai da itace.

Ƙirjina ya fara nauyi, amma kada ki faɗa wa Umma.

Ƙanwarki mai kunyar kanta,
Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ku, ina fatan kowa lafiya. Ni na samu sauƙi, kada hankalinki ya tashi.

Asirina ya tonu. Ranar da rediyo ya ce ƙurar ta kai maƙura, har ana gargaɗin masu irin lalurata su zauna a ɗaki, ni uwar taurin kai na tafi. Muna zaune numfashina ya sarƙe, ƙirji na fito kamar tsohuwar buta. Gwaggo ce ta tare mota, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. A asibiti aka sa mini abin shaƙa. Da likita ya tambaye ta ko ita wace ce, ta ce ita uwata ce. Shi kuwa ya saki baki, ya ce ta yi mini faɗa, ya hana ni kusantar itacen nan tun farkon fure, shi ke sa ni hawaye, kuma ga alama na watsar da magani.

Gwaggo ta maido ni gida, ta shige nata ta rufe ƙofa. Kwana da kwanaki ba kujeru a waje. Nakan je ƙofarta in ɗaga hannu, in kasa ƙwanƙwasawa, in dawo.

Jiya da hantsi na ji ƙarar zarto. Na fita a guje, na tarar masu sara sun riga sun sauke manyan rassan. Na durƙusa a gabanta ina roƙo. Na ce zan sha magani, zan rufe taga, zan ma tashi daga unguwar, a bar mata itacen mijinta. Na faɗa mata komai, har da cewa ban taɓa son marigayin ba sai bayan ransa.

Ta ce ta ji zafi, ba za ta ɓoye mini ba, kuma ba ta gama hucewa ba. Amma ta zauna ta duba, ta ga hawayen ne na ƙarya, ƙafar da ke kawo ni kullum ba ta ƙarya ba ce. Mutum ɗaya ya rage mata mai turo ƙofa, ba za ta bari itace ya kashe mata shi ba.

Yau da yamma ta fito da kujerun nan biyu gefen kututturen. Rana ƙwal a kanmu, ba inuwa ko kaɗan. Na sha ƙwayata, rediyo ma ya ce iska ta yi sauƙi. Iskar ta kaɗa, ba abin da ya motsa, na ga ta ɗaga kai tana neman rassan. Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Ta miƙo mini hankicin mijinta, ta tambaye ni ko wannan ma na fure ne. Na girgiza kai. Ta ce to madalla, in matso mu yi tare.

Ki sa mu a addu'a, ni da ita.

Taki,
Auta