Wushiryar Iya Abeke

Ibadan, 4 ga Maris

Maami,

Gaisuwa mai yawa daga 'yarki. Yaya ƙafar taki, yaya Baami da gonarsa? Ni lafiya ƙalau, sai dai kaina ya ɗau zafi.

Saura wata guda jarrabawar ƙwarewa, kuma ba za a bar ni in zauna ba sai na gabatar da wanda na yi wa haƙoran roba baki guda, ya karɓa. Tawa wata tsohuwa ce mai sayar da goro, Iya Abeke. Sau uku ina yi mata, sau uku tana dawo da su ƙulle a bakin zane. Awo daidai, ba sa yi mata ciwo, ita dai ba ta so. In ta ƙi na huɗu, na yi asarar shekara.

Farfesa Oyelaran, mai kula da ni, ko kallon haƙoran bai yi ba. Littafina ya nema, wanda ya tilasta mana rubutawa bayan kowane majinyaci: me ya faru, me na ji, me zan sake. Ya buɗe ya ce, "Likita, tela ne ya rubuta wannan? Awo kawai nake gani, ina matar?" Na ji haushi, amma daga gobe har tsakinta zan rubuta.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Ibironke

Ibadan, 19 ga Maris

Maami tawa,

Da fatan kowa lafiya. Ki nemi kujera tukuna.

Ranar gwajin haƙoran na huɗu, tun suna jere kan kaki, na rubuta komai. Iya Abeke ta kalli madubi, ta rufe baki, ta ce, "Wannan bakin wata ne." Ƙarƙashin me na ji, na rubuta: tsohuwar nan 'yar rigima ce. Da na zo kan me zan sake, alƙalami ya tsaya cak. Wata huɗu ina auna dadashinta, ban taɓa tambayar ta yadda bakinta yake a da ba.

Na roƙe ta tsohon hoto. Ta kawo na bikinta. Maami, wushirya! Ga ta nan ɓaro-ɓaro, tana dariya. Mu kuwa an koya mana jera haƙora a matse kamar ƙwayar masara. Da na ce a bar mata wushirya, mai haɗa mana haƙoran, Baba Fadeyi, ya rantse shekara talatin bai taɓa ɓata aiki da gangan ba. Na karɓe kakin na buɗe tsakanin haƙoran gaba da hannuna.

Jiya ta saka. Ta daɗe a gaban madubi, sannan ta ce, "Yauwa, ga ni. 'Yar nan, ina kika ɓoye ni?" Ta taka rawa a tsakiyar ɗakin, ta cika mini aljihu da goro. Farfesa ya karanta shafin, ya sa hannu, zan zauna jarrabawa.

Amma abin da na rubuta jiya a kanki ne. Kin tuna ina aji uku a jami'a na sa wayar gyaran haƙora na rufe tawa wushiryar, na zo gida ina ta washe baki? Kika ce ya yi kyau, kika koma kan tukunyar amala, har na tafi ba ki ƙara kallon bakina ba. Irin taki ce, irin ta mahaifiyarki. Lokacin ban tambaye ki abin da kika ji ba. Yanzu ina tambaya.

'Yarki,
Ibironke