Inabin Fegi Na Goma Sha Huɗu

Brackenfell, 9 ga Maris, 1986

Yaya Doreen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun koma Plymouth lafiya, ke da maigidanki Len, kuma gwiwar tasa ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai rashin Baba. Uwargida Sheila tana gaishe ki.

Kwana goma da binne Baba sai ga takarda daga kwamitin lambuna, da sa hannun sakatare Stan Milburn, abokin Baba tun suna ramin kwal. Wai fegin lambu ba a gadonsa. In mai shi ya mutu, na farko a layin masu jira ake ba. Na farkon kuwa Terry Dodds ne, wanda tuni ya gaya wa kowa a kulob zai rushe ɗakin gilashin Baba, ya sare kurangar inabin, ya kafa ɗakin tantabaru.

Na sa kwat ɗina na je taronsu. Baba Stan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ronnie, ka taɓa riƙe shebur ba don kwaɓa siminti ba?" Aka yi dariya. Na ce, "Baba Stan, ina ɗan shekara sha shida na bar garin nan da baron aro. Yau motocina goma sha ɗaya, kuma rabin daɓen da kuke takawa a gundumar nan ni na zuba shi. Kabeji ba zai gagare ni ba."

Ya ce ba kabeji suke magana ba. Shekara arba'in Baba bai taɓa fashin ɗora inabi a teburin gasar kayan lambu ta ƙarshen Satumba ba. In na ɗora nono biyu na inabin nan a bana, waɗanda alƙalin gasa zai yarda ya duba, fegi na goma sha huɗu nawa ne. In ban ɗora ba, Terry ya karɓi makulli. Na ce a rubuta. Aka rubuta.

Na riga na fara. Kin san yadda Baba ya haɗa ɗakin da tsofaffin tagogi, ruwan sama yana zuba ta baya kamar ba mai shi. Na canza gilasai tara, na sa indararo mai kai ruwan cikin tanki, na zuba kankare faɗin taku biyu ya zagaye ɗakin, har da bayan nan inda Baba yake jibge kashin doki ya bari yana ruɓewa. Yanzu ko da takalmin coci sai ki zagaya. Tsofaffin nan sun jingina da shinge suna kallona ina aiki, ba wanda ya ce uffan. Ba su taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki,
Ronnie Hedley

Plymouth, 18 ga Maris

Ronnie namu,

Gaisuwa da fatan alheri. Len ya gode, gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Na ji daɗi da ka tsaya wa fegin. Na kuma yi mamaki, don rabonka da taka wurin tun ranar da Baba ya ce ka bi shi aikin ramin kwal ka ce ba ka zuwa. Abu ɗaya zan gaya maka. Mutanen lambun nan ba sa ba mutum shawara a feginsa sai ya tambaya, ko da suna ganin zai faɗa rijiya. Haka suke tun muna yara. In ka ga sun yi shiru suna kallonka, ba lallai sha'awa ce ba. Ka tambayi Baba Stan, ba zai rage ka da komai ba.

Ban gane wane "baya" kake nufi ba, amma kai ne masanin kankare.

Ka gaida Sheila.
Yayarka,
Doreen

Brackenfell, 1 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Ki yafe mini shirun nan, lambu ne ya cinye ni. Ƙarfe biyar nake baro ofis yanzu, har direbobina sun fara tambayar Sheila ko lafiya nake.

Da za ki ga fegin da kin tsaya. Dankali layi shida, miƙe sar kamar an ja da igiya, don da igiyar aka ja. Albasata ta fi wadda Terry Dodds yake nomawa a bayan gidansa, kuma ya sani, don ya daina biyowa ta gefena. Latas ya yi yawa har Sheila tana raba wa maƙwabta. A cikin ɗakin gilashi tumatir ya kai ƙirjina, kokwamba tana hawa. Duk daga littafi ɗaya da na saya, da kuma tashi da wuri.

Inabin ne kawai yake mini gardama. Ya yi toho a Afrilu, sai ya tsaya. Ganyen ƙanana, gefensu ya soma rawaya, furen da ya fito ma yana kakkaɓewa. Kuma ba ƙishi ba ne, don bokiti huɗu nake zuba masa a gindi kullum, nan ƙarƙashin benci inda kututturen ya fito. Na ba shi takin kanti mafi kyau. Wata guda ke nan ba a yi ruwan kirki ba, amma me ya dame shi da ruwan sama, shi da yake cikin ɗaki?

Jiya Terry ya leƙo ta shinge ya ce, "Hedley, in ka gama, ka bar mini kankaren nan, tantabaru suna son wuri mai tsabta." Na ce ya je ya yi wa albasarsa addu'a. Baba Stan yana zaune a kan duro yana shan shayi, ya dubi bayan ɗakin, ya dube ni, ya ci gaba da shan shayinsa. Ban tambaye shi ba. Ban kai shekara arba'in da takwas ina tambayar mutane yadda zan yi ba.

Ko kin tuna wani magani da Baba yake ba shi? Ke ba mutane ba ce, ke yayata ce.

Naki,
Ronnie

Plymouth, 4 ga Yuni

Ronnie,

Gaisuwa a gurguje, don ina so wannan ta kama motar gidan waya ta yau.

Na ɗauko wasiƙarka ta Maris na sake karantawa, sai da na nemi kujera na zauna. Saiwar inabin nan ba a cikin ɗaki take ba. A waje take, a baya. Haka tsofaffi suke dasa shi: saiwa a waje ta sha ruwan sama da sanyi, kututture ya shiga ta rami a gindin bango ya sha ɗumi a ciki. Ƙasa ce ta taru ta rufe ramin shekara da shekaru. Baba bai manta da indararo ba, da gangan ya bar ruwan rufi yana zuba a nan. Kashin dokin kuma abincinsa ne. Wata uku kana shayar da bango, shi kuwa ka toshe masa baki da kankare.

Ina da shekara bakwai aka dasa shi, makon da aka haife ka. Baba ya samo mushen tunkiya a gonar Armstrong ya binne a ramin dashen, ya dasa a kai, Mama tana faɗa ta taga wai zai jawo mana karnuka. Ban taɓa gaya maka ba, amma bayan ka tafi, da sunanka yake kiran kurangar. Yana yi mata aski yana cewa, "Tsaya mana, Ronnie, mai taurin kan tsiya." Wani lokacin ya daɗe a ciki yana magana, mu dai ba ma shiga.

Ka san abin da za ka yi.

Doreen

Brackenfell, 6 ga Yuli

Yayata,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso ran Juma'a da safe. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune a mota. Abin da kika faɗa a ƙarshe ba zan yi maganarsa a takarda ba.

Ina da injin fasa kankare guda uku a wurin aikina, amma girgizarsa za ta tsinka saiwa ta zubar da gilasai. Don haka guduma na ɗauka da kurfi. Ran Asabar ce, kowa yana feginsa. Na tuɓe riga na fara. Yaya, in gaya miki gaskiya, kankaren nan ya yi kyau. Inci shida, da waya a ciki. Na sha gaya wa mutane aikin Hedley ba ya fasuwa, ranar na tabbatar da bakina bai yi ƙarya ba. Kwana uku na yi, tafin hannuna duk ya yi bororo.

Terry ya zo kallo da kofin shayinsa. Ya ce, "Wa ya zuba maka wannan? Ka kai shi ƙara." Na ce, "Wanda ya fi kowa iyawa a gundumar nan. Matsa, kana tare mini haske."

Da na ɗaga falle na ƙarshe, ƙasar ta bushe kamar toka. Na tona da yatsu na sami saiwar, kaurin hannuna, da ranta. Na cire indararon, na juye tankin gaba ɗaya a wurin, na kawo baro shida na ruɓaɓɓen kashin doki na shimfiɗa.

Sannan na wanke hannu na tafi fegin Baba Stan. Na tsaya a bakin ƙofarsa na ce, "Baba Stan, ina tambaya." Ya ce, "To, ka iso. Tun Maris nake jiranka, har na fara tunanin zan mutu ba ka zo ba." Ya shiga rumfarsa ya fito da wani siririn almakashi mai dogon baki, naɗe a tsumma. Na Baba ne. Ya ba shi ajiya a asibiti, ya ce a ba ni ranar da na tambaya, in ban tambaya ba a bar shi ya yi tsatsa.

Cikin mako biyu sabon ganye ya fito, kore shar. Nono bakwai suka tsira. Baba Stan ya ce in yanke huɗu in bar uku, a ukun ma in tsinke fiye da rabin 'ya'yan tun suna kamar ƙwayar wake, kuma kada yatsana ya taɓa sauran, don farin garin da ke jikinsu shi alƙali yake dubawa. Na ce, "In zubar da abin da na sha wuya a kansa?" Ya ce, "Ubanka ma haka ya ce a shekarar farko. Yanke." Na yanke.

Ki gaida Len.
Ronnie

Brackenfell, 28 ga Satumba

Yaya Doreen,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ki zauna kafin ki karanta.

Fegi na goma sha huɗu na Hedley ne.

Cikin nono ukun, zanzaro ya ɓata ɗaya ana saura mako biyu, ya rage biyu cif, ba na kuskure. Na ɗinka musu jakar kariya da labulen Sheila, ba ta sani ba sai da ta ga taga tsirara. Jiya na yanke su da reshensu, na ɗauke su a kan allo, na taka da ƙafa har zauren kulob, don ban yarda da ramukan titi ba. Baƙaƙe sidik, kowace ƙwaya kamar babban yatsana, garin nan fari bai gogu ko a wuri ɗaya ba.

Alƙalin baƙo ne daga Hexham, bai san kowa ba. Aka fitar da mu, aka rufe ƙofa. Da aka buɗe, katin na ɗaya yana jingine da inabina. Albasata ta zo ta biyu, ta Terry ta uku. Na dai tsaya kusa da teburin har ya gama karantawa. Daga baya ya zo ya ba ni hannu ya ce ɗakin tantabarun ma matarsa ba ta so. Na ce in mai fegi na tara ya bari aka ba shi, zan zuba masa daɓe kyauta, a inda ba saiwa.

Baba Stan ya miƙa mini makulli a gaban kowa, wanda dama yana aljihuna tun Maris, sai da na ba shi ya sake ba ni. Ya ce, "Hedley, fegi na goma sha huɗu, shekara ta arba'in da ɗaya." Na juya na yi kamar ina gyara katin.

Da yamma na koma lambu na shiga ɗakin gilashi na rufe ƙofa. Na gaya wa kurangar, mai sunana, yadda aka yi. Na ɗan daɗe.

Direbana Colin zai sauke kaya a Exeter ran Talata, zai ƙarasa ya kawo miki nono ɗaya a kwali. Ɗayan na kai wa Baba na ajiye masa a kan kabarinsa. Ni ban ɗanɗana ba, ke ce babba.

Ƙaninki,
Ronnie Hedley
Fegi na 14

Plymouth, 1 ga Oktoba

Ronnie namu,

Gaisuwa. Kwali ya iso, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

Na ci, Len ya ci. Tsami kamar ya cire haƙori, daidai yadda yake kowace shekara. Shekara arba'in ba wanda ya gaya wa Baba, kai ma ba don ni yayarka ce ba da ba ka ji ba. Na cinye shi tas a tsaye a kicin, ina kuka.

Baɗi ka aiko biyu.

Yayarka,
Doreen