Boris ɗin Tayar Baya

Daren Alhamis, Kafanchan, cikin damina

Gobe zan kai matan zumunta biki Kwoi, har da Mama, amma tayar bayan motata ta hana ni sakat. Bitrus bakanike ya ɗaga ta da jak, ya girgiza, ya ce, "Boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa ya mutu, kar ka ɗauki mutane." Na je wurin Malam Sani, wanda ya girme shi a aikin. Ya taɓa, ya yi dariya. "Ɗana, dole taya ta ɗan yi wasa. In ka ɗaure tam, boris zai ƙone a hanya."

To, ina iyakar ɗan wasan? Bayan tuwo na ɗaga motar da kaina, na girgiza tayar. Na kasa ganewa ko ita ke motsi, ko hannuna ke rawa.