Layuka Uku, Ƙarfen Sabis Ɗaya

Daren Laraba, Tudun Wada

Na kasa cin tuwon nan. Sati guda ina haɗa layukan intanet uku a na'ura ɗaya, don in ɗaya ya yanke sauran su riƙe. Har na ce wa matata Hauwa, "Kwantar da hankalinki, intabiyunki na neman aiki ta bidiyo ba zai tsinke ba."

Ana mata tambaya ta biyu hoton ya tsaya cak. Ashe duk layukan ukun, ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗauke da su, janaretansa kuma ya mutu. Muka hau keke Napep har unguwar Kwangila, muka samu sabis, amma masu intabiyun sun riga sun rufe. Shekara biyu tana jiran aikin nan.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke mayafinta, ta ce, "Malam, ka yi ƙoƙari." Gara a ce zagina ta yi.