Kukan Mai Tsaron Hasken da Ido Ba Ya Gani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ɗakin Binciken Haske, fitilar masana, inuwar ɗalibai, mai riƙe da makullan labo, wato ɗakin gwaji, da na zukatanmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin almajirin ilimi ga babban malaminsa, ni ɗalibinka na unguwar Zongo a Paraku ina gabatar da kokena a gaban duniya.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, kai ka ɗora ni a kan wata na'urar ƙara wa haske ƙarfi, wadda girmanta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ina tura mata walƙiya biyu na lazer ta zaren gilashi, kowace ta fi ƙiftawar ido gajarta nesa ba kusa ba. In sun shiga tare, sai su gauraya su haifi sabon haske mai wani launi. In ɗaya ta riga ɗaya, babu haihuwa.

Na biyu. Wannan aiki na mutum biyu ne: ɗaya yana murɗa maɓallin jinkiri a hankali, ɗaya yana kallon allo ya yi ihu in jaririn ya leƙo. Mai yi mini ihun shi ne Abdurrahim, kuma makonni bakwai ke nan da ka tura shi garin Jugu koyon shimfiɗa zaren gilashi. Yanzu ni ke murɗawa, in ruga allo, in tarar na wuce wurin, in dawo. Ranar Talata sabon hasken ya fito fes. Na yi kabbara, na waiwaya, babu kowa. Na kira Jugu, wayar ba ta shiga ba. Daga ƙarshe ɗan zemijan, wato ɗan acaɓan da ya kai ni kasuwar Arzeke, na ba labari, ya ce Allah ya raya, ya karɓi kuɗinsa.

Na uku. Mutum ɗaya ne har yanzu ke leƙo ni bayan azahar, wato Baba mai gadi. Amma ka san gaisuwarmu: sai an tambayi gida, da iyali, da gajiya, da mutanen Jugu ɗaya bayan ɗaya. Baba yana fama da gwiwa. Kafin mu kai kan gajiya ya fara dafa bango, sai ya yi sallama ya fita.

Saboda haka ba na neman sabuwar na'ura, ba na neman a dawo da Abdurrahim kafin lokacinsa. Kujerarsa ta roba, mai karyayyen hannu, wadda aka kwashe zuwa ofishinka aka ɗora wa takardu, ita nake roƙo, domin Baba ya zauna mu ƙarasa gaisuwa.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka, ya hore wa takardunka kantar ajiya.

Wassalam.
Ɗalibinka na ɗaki mai duhu.